BA A FAFE GORA RANAR TAFIYA

Duk shekara idan watan Disamba ya kama, hunturu ya sauko sosai, masana'antu da dama na Challawa da Sharaɗa da Bompai sukan rage aiki, wasu ma su tsayar da shi na 'yan kwanaki, domin a ƙidaya kaya, a rufe littattafan kuɗi, a kuma kwance injuna a yi musu gyara. A daidai wannan lokaci ne ma'aikatan gwamnati da yawa suke cin hutunsu na shekara, makarantu kuma suna rufe. Saboda haka filin jirgin sama na Malam Aminu Kano yakan cika da matafiya: masu niyyar Umra, da injiniyoyin da kamfanoninsu suka tura ƙasar Sin ko Indiya duba sababbin injuna, da dillalan fatu masu hulɗa da Italiya da Sifen, da iyayen da za su gano 'ya'yansu masu karatu a Ingila ko Masar. A tashoshin mota kuwa, ga leburori da masu gadi 'yan asalin Maraɗi da Damagaram sun ɗaure kaya za su gida.

Babu shakka a cikin waɗannan matafiya akwai masu ciwon sukari da yawa, wasu sun sani, wasu ba su sani ba. A lissafin da Ƙungiyar Yaƙi da Ciwon Sukari ta Duniya ta fitar a shekarar 2021, manyan mutane kimanin miliyan 24 ne ke da wannan ciwo a yankin Afirka, fiye da rabinsu kuwa ba a taɓa auna su an gaya musu ba. Nijeriya kaɗai an ƙiyasta tana da wajen miliyan 3.6 a wannan shekara. Ciwon kuma ya fi kama masu matsakaicin shekaru da dattawa, watau ainihin mutanen da suka kai matsayin da za a tura su waje da sunan ma'aikata, ko suka tara abin da za su biya kujerar Umra.

Abin takaici shi ne, mutumin da ba zai yarda a tayar da injin jima ba tare da an duba mai da bel ba, shi ne zai hau jirgi zuwa ƙasar da ke nesa da gida bai ga likita ba, maganinsa ma a ranar tashi ya aiki yaro ya sayo masa a kemis. Ra'ayin wannan jarida shi ne, ganin likita kafin tafiya da karɓo takardarsa ya kamata a lissafa su cikin takardun tafiya na dole, daidai da fasfo da biza da katin rigakafi. Bugu da ƙari, bai kamata a bar wa matafiyi wannan nauyi shi kaɗai ba.

Ciwon sukari dai ba ya hana tafiya. Tun da Frederick Banting da Charles Best suka gano insulin a birnin Toronto na ƙasar Kanada a 1921, aka kuma fara yi wa ɗan Adam allurarsa a Janairun 1922, masu wannan ciwo suke rayuwa mai tsawo, suna aiki, suna fatauci, suna sauke farali. Amma fa lafiyar mai ciwon sukari kamar tukunya take a kan duwatsun murhu uku: abinci, da magani, da motsa jiki. A gida kowane dutse yana zaune a wurinsa, domin an san lokacin karin kumallo, an san lokacin allura, an san iyakar zirga-zirgar yini. Tafiya kuwa tana girgiza duka ukun a lokaci guda. Abinci ya makara ko ya zo ba irin wanda aka saba ba, agogo ya canza, wanda ya saba wuni a kujerar ofis ya sami kansa yana taka kilomita da yawa a ƙasa.

Haɗarin da ya fi saurin kisa shi ne faɗuwar sukari, watau ya sauka ƙasa da 70 a ma'aunin miligiram. Ya fi samun masu allurar insulin da masu shan ƙwayoyi irin su Daonil, musamman idan sun sha magani ba su ci abinci ba. Masu shan Glucophage kaɗai ba kasafai hakan ke samunsu ba. Alamominsa su ne rawar jiki, da gumi, da yunwa mai tsanani, da bugun zuciya, da jiri, sannan ruɗewa. Maganinsa a take shi ne babban cokali ɗaya na sukari a cikin ruwa, ko rabin kwalbar lemo mai zaƙi, ko dabino biyu zuwa uku; bayan minti 15 a sake aunawa, in bai hau ba a maimaita, sa'an nan a bi da abinci. Wanda ya riga ya suma kuwa ba a ɗura masa komai a baki, sai a kwantar da shi ta gefe a nemi asibiti da gaggawa. Wannan ilimi ba shi da tsada, amma ba shi da amfani idan abokan tafiya ba su ma san mutum yana da ciwon ba. Ɓoye ciwo ga wanda za a kwana ɗaki ɗaya da shi a Madina ko a Guwanju ganganci ne.

Sai batun ɗaukar magani. Insulin ba ya son zafi, ba ya kuma son daskarewa. Wanda ba a buɗe ba ana ajiye shi a firji tsakanin digiri 2 zuwa 8, wanda ake amfani da shi kuwa yana iya zama a ɗaki na kimanin mako 4 muddin zafi bai wuce digiri 25 zuwa 30 ba. Idan ya daskare ya lalace ke nan, ko da ya narke ya koma kamar da. Saboda haka ba a sa shi cikin akwatin da za a auna a zuba a cikin jirgi, domin can yana iya haɗuwa da sanyi mai tsanani, kuma akwati yana iya ɓata ko ya sauka bayan kwana uku. A jakar hannu ake riƙe shi, tare da sirinji, da na'urar awon sukari, da 'yan tsinkayen da ake ɗiga jini a kansu. Dokar nan da aka kafa a 2006 mai hana shiga jirgi da abu mai ruwa fiye da mililita 100 ta keɓe magunguna, amma jami'in tsaro yana da ikon tambaya, a nan ne takardar likita take raba gardama.

Kamata ya yi a ɗauki ninki biyu na maganin da kwanakin tafiya suke bukata, a kuma raba shi jaka biyu. Wanda yake ganin wannan ɓarnar kuɗi ce, to, ya tuna da shekarar 2020. A ƙarshen Fabrairun wannan shekara Saudiyya ta dakatar da shigar masu Umra saboda annobar korona, a watan Maris kuma Nijeriya ta rufe filayen jiragenta ga jiragen ƙasashen waje, ba a buɗe na Legas da Abuja ba sai a Satumba. Mutanen da suka fita da niyyar mako biyu sun yi watanni a ƙasashen mutane. Haka nan bayan juyin mulkin da aka yi a Nijar a Yulin 2023 an rufe kan iyaka, ba a buɗe ba sai a Maris na 2024. Daɗin daɗawa, tun da darajar naira ta faɗi daga watan Yunin 2023, sayen magani da kuɗin waje ya zama babban nauyi a kan mai albashi.

Abu na gaba shi ne bambancin lokaci. A lokacin hunturu agogon Ingila yana bayan na Kano da awa 1, na New York da awa 6. Masar tana gaba da awa 1, Saudiyya da awa 2, Dubai da awa 3, Indiya da awa 4 da rabi, ƙasar Sin kuwa da awa 7. Ga mai zuwa Jidda ko Alƙahira gyaran da ake bukata kaɗan ne. Amma injiniyan da ya tashi daga Challawa zuwa Guwanju ta Adis Ababa, ranarsa ta tafiya ta gajarce da awa 7. In ya yi allurar dare bisa agogon Kano, ya sauka ya sake yin ta safe bisa agogon Sin, alluran biyu sun matsu da juna, sukari kuma yana iya faɗuwa yana cikin barci. Mai zuwa Amurka kuwa ranarsa tsawo take ƙarawa, maganin yana iya ƙarewa a jikinsa kafin lokacin na gaba. Ba matafiyi ne zai yi wa kansa wannan lissafi a cikin jirgi ba. Likita ne zai zauna da tikitin a gabansa, ya rubuta masa lokacin kowace allura tun daga tashi har sauka.

Har wa yau akwai tarko biyu da ba kowa ya sani ba. Na farko, ma'aunin sukari iri biyu ne a duniya. Amurka da Indiya suna aunawa da miligiram, Ingila da Sin kuwa da milimol, kuma ana ninka milimol sau 18 ne a sami miligiram. Mutumin da ya saba ganin 120 ko 140 a na'urarsa, idan aka auna shi a Landan aka ce 15, yana iya zaton sukarinsa ya faɗi ƙasa warwas ya nemi lemo, alhali kuwa 270 ne, ya hau ƙwarai. Na biyu, insulin kansa ƙarfinsa ya bambanta. Akwai mai lamba 100, akwai mai lamba 40 wanda har yanzu ake sayarwa a wasu ƙasashe irin su Indiya, kowanne da nasa sirinjin. Wanda ya zuƙi mai lamba 100 da sirinjin mai lamba 40 ya yi wa kansa ninki biyu da rabi na abin da aka rubuta masa. Shi ya sa tilas takardar likita ta ɗauki ainihin sunan magani da ƙarfinsa da yawan da ake amfani da shi, domin sunan da kamfani ya laƙaba wa magani a Kano ba lalle ne a san shi a wata ƙasa ba.

Takardar likita kuma garkuwa ce a gaban shari'a. Masu ciwon sukari da ya taɓa musu jijiyoyin ƙafa sukan sha magungunan rage zugi irin su tiramadol da Lyrica, waɗannan kuwa suna cikin magungunan da Saudiyya da Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa suke sa wa ido ƙwarai, har ma Daular tana neman a sami izinin Ma'aikatar Lafiyarta kafin a shiga da irinsu. Jama'ar Kano ba su manta da ɗalibar nan da aka tsare a Saudiyya a Disambar 2018 ba, lokacin da ta je Umra da iyalinta, saboda wata jaka mai ɗauke da tiramadol da aka liƙa wa sunanta, ba a sake ta ba sai a ƙarshen Afrilun 2019, bayan bincike ya tabbatar jakar ba tata ba ce. Darasin a fili yake. A bar kowane magani cikin kwalinsa na asali, kada a juye ƙwayoyi a leda, kada kuma a karɓi saƙon magani daga kowa, kome kusancinsa.

Ga masu Umra, babban abin lura shi ne ƙafa. Sa'ayi tsakanin Safa da Marwa kaɗai ya haura kilomita 3, ga ɗawafi, ga zuwa da komowa tsakanin masauki da Harami sau biyar a yini. Ƙafar da ciwon sukari ya kashe wa ji ba ta sanin ta yi bororo ko ta taka wani abu, ga shi kuwa a wannan lokaci mutumin Kano da kaushi da fason hunturu yake barin gida. Ɗan ƙaramin rauni da aka yi sakaci da shi a Makka yana iya zama gyambon da zai kai ga yanke ƙafa bayan an dawo. Saboda haka ba a tafiya da sabon takalmi, ba a barin takalmi a ƙofar masallaci a dawo masauki ba takalmi, kuma kowane dare a wanke ƙafa, a tsane tsakanin yatsu, a duba tafinta, a shafa mai. A auna sukari kafin a shiga ɗawafi, a riƙe dabino a jaka. Wanda ƙarfinsa bai kai ba, an tanadi keken guragu, babu abin kunya a ciki. Wasu kuma da zarar sun sauka ƙasa mai tsarki sai su ajiye maganinsu, su ce albarkar wurin ta wadatar. Malamai sun sha bayyana cewa neman magani bai saɓa wa tawakkali ba. Wannan batu zai ƙara muhimmanci nan gaba, domin watan azumi yana matsowa da kimanin kwana 11 kowace shekara, har ma a 2030 zai faɗo a farkon Janairu ya sake faɗowa a ƙarshen Disamba, watau Umrar azumi da hutun ƙarshen shekara za su haɗu.

Masu zuwa ƙasashen Turai kuwa sanyi ne abokin gabarsu. Lokacin mura mai tsanani ne a can, zazzaɓi kuma yana tayar da sukari ko da mutum ba ya cin abinci. Kuskuren da ake yawan yi shi ne a daina allura saboda an kasa cin abinci, wannan kuwa yana iya jefa mai ciwon, musamman matashin da rayuwarsa ta dogara ga insulin, cikin dogon suma. Mai amai da ƙishirwa mai yawa da numfashi sama-sama asibiti yake bukata a take. Haka nan jingina ƙafa da tukunyar ɗumama ɗaki ko kwana da gorar ruwan zafi yana ƙona ƙafar da ba ta ji, kamar yadda kaskon garwashi yake yi a gida. Jinya kuwa a can ba ta da sauƙi. Ƙasashen Turai masu bizar bai-ɗaya suna neman inshorar lafiya ta Yuro 30,000, a Ingila kuma tun 2015 baƙo ɗan ziyara da aka kwantar a asibitin gwamnati ana cajinsa kashi 150 cikin 100 na kuɗin jinyar. Kamfanonin inshora da yawa ba sa biyan kuɗin ciwon da mutum ya ɓoye sa'ad da yake cike takarda. Tsarin taimakekeniyar lafiya da ake yankar kuɗinsa daga albashin ma'aikaci kuwa don asibitocin cikin gida aka yi shi.

Kada kuma a manta da leburan da zai bi ta Jibiya zuwa Maraɗi, ko ta Daura zuwa Damagaram. Shi ma ƙetare ƙasa zai yi, kuma shi ne ya fi kowa rashin gata. Yakan wuni a mota bai ci komai ba, ƙauyensu ba firji, asibiti kuma da nisa. Ya kamata a koya masa ya naɗe insulin cikin jiƙaƙƙen ƙyalle, ya nisanta shi da gaban mota inda rana ke duka, idan ya isa gida kuma ya sa shi cikin leda ya ajiye a gindin randa ko cikin tukunyar ƙasa mai danshi.

Bisa ga waɗannan dalilai, wannan jarida tana kira ga masu masana'antu, ta hannun rassan Ƙungiyar Masu Masana'antu ta Nijeriya na Sharaɗa da Challawa da kuma na Bompai, su mai da watan Nuwamba watan awon ma'aikata. Ranar 14 ga Nuwamba, wadda duniya take tunawa da ciwon sukari a cikinta tun 1991, ta faɗo wata guda kafin hutu, lokacin ya isa a auna mutum, a gyara masa magani, a ga yadda jikinsa ya karɓa kafin ya tashi. Kada kamfani ya saya wa ma'aikaci tikitin zuwa kwas sai ya haɗa masa da inshorar da ta ambaci ciwonsa. Amma tilas a kiyaye sirri. Muddin ma'aikaci yana tsoron sakamakon awo zai hana shi ƙarin girma ko ya sa a sallame shi, to, zai ci gaba da ɓoyewa, kuma kamfanin ne zai kwaso shi daga asibitin wata ƙasa da kuɗi mai yawa.

Ma'aikatar Lafiya ta Jiha da Hukumar Kula da Asibitoci su ma suna da rawar takawa. Ya dace a tsara takarda guda ta matafiya, cikin Ingilishi da Larabci da Faransanci, wadda likita zai cike cikin 'yan mintoci, a kuma ware rana a mako ga masu shirin tafiya a sassan masu ciwon sukari na Asibitin Murtala da na Nasarawa, tare da haɗa kai da Asibitin Koyarwa na Aminu Kano. Hukumar Alhazai ta Ƙasa, wadda ita ke ba kamfanonin jirgin yawo lasisi, ta wajabta musu tambayar lafiyar kowane maniyyaci, su sa wannan batu cikin bita, jagoran kowace tawaga kuma ya san masu ciwon da ke hannunsa. A ofishin da ake ba da katin rigakafi, a liƙa sanarwa da boko da ajami.

Ɗalibai su ne sukan cike wa iyayensu takardun biza a intanet, su ne kuma sukan raka su. Wanda zai iya bin layin biza na mako uku, zai iya kai mahaifinsa ko mahaifiyarsa wurin likita, ya rubuta sunayen magunguna a takarda, ya ɗauki hotonsu a waya, ya sa kati a aljihun tsohon mai bayyana ciwonsa. Ɗalibin da shi kansa yake da ciwon kuma zai tafi karatu waje, ya yi rajista da likita a makon da ya sauka, kada ya jira sai maganin da ya tafi da shi ya ƙare.

Daga ƙarshe dai alhakin yana komawa kan matafiyin kansa. Mako 4 zuwa 6 kafin tashi shi ne lokacin ganin likita, a auna sukari da hawan jini, a duba ƙafa da ido, a yi rigakafin da ƙasar da za a je take bukata, kamar na sanƙarau ga masu Umra. Kuɗin wannan duka bai kai na tsarabar da ake cika akwati da ita ba. Magabata sun ce ba a fafe gora ranar tafiya, kuma iyalin da suka raka mutum filin jirgi suna sa ran su tarye shi yana tafe da ƙafafunsa.

Allah Ya kai matafiya lafiya, Ya dawo da su gida lafiya.